Tarihin Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Kano Pillars da Nasarorin da ta Samu

Gabatarwa

Kano Pillars ita ce ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru wadda Gwamnatin Jihar Kano ta mallaka kuma take ɗaukar nauyinta. An kafa ta a shekarar 1990, tana sanya riguna masu launin rawaya da kore, gidanta kuma shi ne filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a cikin birnin Kano. Ta lashe babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya sau huɗu, wato a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2019, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun nahiyar Afirka a 2009. Babu wata ƙungiya a arewacin ƙasar nan da ta ɗauki babbar gasar sau da yawa kamar haka.

Kirarin da jama'a suka san ta da shi shi ne "Sai Masu Gida", kuma a ganinmu duk wanda yake son ya fahimci tarihin wannan ƙungiya sai ya fara da wannan kirari. Ƙarfinta a gida yake, a gaban jama'arta. Daga nan yawancin nasarorinta suka fito, daga nan kuma mafi ɗacin jarrabawarta ya taso, kamar yadda mai karatu zai gani a bayanan da ke tafe.

Ƙwallon ƙafa a Kano kafin 1990

Birnin Kano ya daɗe da sanin ƙwallo tun zamanin Turawa, musamman ta hanyar makarantu da ma'aikatan jirgin ƙasa da kamfanonin ciniki da mazauna Sabon Gari. A shekarar 1953 ƙungiyar da ta wakilci Kano ta ɗauko kofin ƙalubale na ƙasa bayan ta doke Lagos Dynamos a wasan ƙarshe, a lokacin da ƙungiyoyin Legas suka kankane wannan kofi. Bayan an fara gasar rukuni ta ƙasa a 1972, Raccah Rovers ta Kano ta zama zakara a 1978, dattawan da suka ga wasanta kuwa har yanzu suna ambaton ta.

Sai dai a ƙarshen shekarun 1980 ƙarfin ƙwallon Kano ya rarrabu a tsakanin ƙungiyoyi da dama, kowace da 'yan wasanta da magoya bayanta, babu wadda ta isa ta tsaya ita kaɗai a gaban manyan ƙungiyoyin kudu irin su Rangers ta Inugu da Shooting Stars ta Ibadan da Iwuanyanwu Nationale ta Owerri.

Kafuwar ƙungiyar

A shekarar 1990 ne Nijeriya ta ƙaddamar da gasar ƙwararru, wato tsarin da ɗan wasa zai ɗauki ƙwallo a matsayin sana'a, ya sanya hannu a yarjejeniya, a kuma biya shi albashi. Domin Kano ta shiga wannan sabon tsari da ƙarfinta, sai aka haɗe ƙungiyoyi uku wuri guda: ƙungiyar WRECA ta hukumar da ke kula da albarkatun ruwa da gine-gine ta jiha, da Kano Golden Stars, da kuma ƙungiyar Bank of the North, bankin da hedkwatarsa take a Kano a wancan lokaci. Abin da ya fito daga wannan haɗaka shi ne Kano Pillars. Daga cikin mutanen da ake ambato a wajen kafa ta akwai Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa.

Shekara guda kacal da kafuwarta, a 1991, ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, inda El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta yi galaba a kanta. Bayan wannan sai da ta shafe shekaru masu yawa tana faɗi-tashi ba tare da wani babban kofi ba. A cikin waɗannan shekaru ne birnin ya samu filin wasa na zamani. Filin Sani Abacha ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da na gasar cin kofin ƙasashen Afirka a 2000 wadda Nijeriya da Gana suka shirya tare, sannan da na gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Akwai kuma tsohon filin da ke Sabon Gari wanda ake kira da sunan ƙungiyar.

Kofin farko da tafiyar 2009

Shekara 18 bayan kafuwarta, a kakar wasa ta 2007/2008, Kano Pillars ta zama zakarar Nijeriya a karon farko, a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Mai horar da ita a lokacin shi ne Kadiri Ikhana, mutumin da ya jagoranci Enyimba ta Aba ta ɗauko kofin zakarun Afirka a 2003. Heartland ta Owerri, wato tsohuwar Iwuanyanwu Nationale, ita ce ta zo ta biyu, saboda haka su biyun ne suka wakilci Nijeriya a gasar zakarun Afirka ta shekara mai bi.

Wannan tafiya ta 2009 ita ce har yau ƙololuwar abin da ƙungiyar ta taɓa yi a wajen ƙasar nan, don haka ya dace mu ɗan tsaya a kanta. Wanda ya ja ragamar 'yan wasan a wannan karo shi ne Ivo Sajh, ɗan ƙasar Sulobeniya. A zagayen ƙarshe kafin a shiga rukuni, sai ƙuri'a ta haɗa Pillars da Al Ahly ta Masar. Ga wanda bai san matsayin Al Ahly ba a wancan lokaci, ita ce mai riƙe da kofin, ta ɗauke shi a 2005 da 2006 da 2008, kuma a cikinta akwai da yawa daga 'yan wasan da suka ci wa Masar kofin Afirka, irin su Mohamed Aboutrika. Ita kuwa Pillars wannan ne karonta na farko a gasar. An tashi wasan farko a nan gida 1-1, sakamakon da ya sa mutane da yawa suka ɗauka cewa magana ta ƙare, domin ba kasafai baƙo yake fita daga Alƙahira da wani abin kirki ba. Amma da aka je can sai aka tashi 2-2. A ƙa'idar wancan zamani, idan jimillar ƙwallaye ta zo daidai, wanda ya fi zura ƙwallo a gidan abokin karawarsa shi yake wucewa. Da haka Masu Gida suka fitar da masu riƙe da kofi.

A rukuni, Pillars ta haɗu da Al Hilal da Al Merreikh, dukkansu daga Sudan, da kuma ZESCO United ta Zambiya, ta kuma ƙare a saman rukunin. Abin da ya rage tsakaninta da wasan ƙarshe shi ne Heartland, 'yar'uwarta ta gida Nijeriya. A nan ne tafiyar ta tsaya, kuma ba da sauƙi ba: Heartland ta ci 4-0 a Owerri, ta sake cin 1-0 a wasa na biyu. Ita ma Heartland ɗin ba ta ɗauko kofin ba, domin TP Mazembe ta Kwango ta raba ta da shi ta hanyar wannan ƙa'ida ta ƙwallon waje da ta taimaki Pillars a Alƙahira.

Shekaru uku a jere

A kakar 2009/2010 ƙungiyar ta zo ta biyu a bayan Enyimba. A wannan kaka ce wani matashi haifaffen Jos mai suna Ahmed Musa ya zura ƙwallo 18, adadin da a lokacin ya zama mafi yawa da ɗan wasa ɗaya ya ci a kaka guda tun da aka fara gasar ƙwararru. Za mu dawo kansa a gaba.

Daga 2012 zuwa 2014, a zango na biyu na gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, babu wadda ta iya karɓe kambun daga hannun Kano. Mohammed Baba Ganaru ne ya horar da ƙungiyar ta ci a 2012 da 2013, sai Okey Emordi ya karɓa ya ci na 2014. Shi ma Emordi, kamar Ikhana, ya taɓa ɗauko wa Enyimba kofin zakarun Afirka, a 2004. Kafin Pillars, ƙungiyoyin da suka ɗauki gasar sau uku a jere su ne Iwuanyanwu Nationale daga 1988 zuwa 1990 da Enyimba daga 2001 zuwa 2003.

Asirin waɗannan shekaru ba ɓoyayye ba ne. A tsarin gasa, nasara maki uku ce, canjaras kuma maki ɗaya, kuma a Nijeriya cin wasa a gidan wani abu ne mai wuyar gaske saboda nisan tafiya a mota da yanayin filaye da matsin 'yan kallo. Saboda haka ƙungiyar da ba ta zubar da maki a gidanta, in ta samu ta tsinto kaɗan a waje, to ta kama hanyar zama zakara. Pillars ta kai wannan dabara matuƙa. Tun daga shekarar 2003, lokacin da Julius Berger ta Legas ta doke ta a Kano, ba a sake cin ta a gida ba a gasar rukuni sai a watan Agusta na 2015, ranar da Nasarawa United ta zo ta yi nasara da ci 2-1. Wasanni 202 ke nan a cikin shekara 12. Yaron da aka haifa a farkon wannan zango ya kusa shiga makarantar sakandare kafin ya ji an ce an ci Pillars a Kano.

Wajibi ne kuma mu faɗi ɗaya ɓangaren. Wannan ƙarfi na gida bai bi ƙungiyar zuwa ƙasashen waje ba. A 2011 Wydad ta Maroko ta fitar da ita. A 2013 ta lallasa AC Léopards ta Kwango Barazabil da ci 4-1 a gida, amma aka rama mata 3-0 a can, ƙwallon waje ya yi waje da ita. A 2014 AS Vita ta Kinshasa ta tsayar da ita tun a zagayen share fage, a 2015 kuma Moghreb Tétouan ta Maroko ta zura mata 4-0 a wasan farko, abin da nasarar 2-1 a Kano ba ta iya gyarawa ba. Haka aka yi da Asante Kotoko ta Gana a 2019: an ci 3-2 a Kano, aka sha kashi 2-0 a Kumasi. Duk wanda ya jera waɗannan sakamako zai ga cewa labarin iri ɗaya ne, a yi nasara a gida, a rushe a waje, kuma tun daga 2009 ƙungiyar ba ta sake shiga matakin rukuni na gasar zakarun Afirka ba.

Kofin ƙalubale: 2018 da 2019

A watan Oktoba na 2018 Pillars ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, wanda a lokacin ake kira kofin Aiteo, a filin wasa na Stephen Keshi da ke Asaba. Abokiyar karawarta ita ce Rangers ta Inugu. Masu Gida suka shiga gaba da ci 3-0, har mutane a Kano sun fara shirin tarbar kofi. A cikin ɗan lokacin da ya rage Rangers ta farke dukkan ukun, aka tafi bugun fanareti, ta yi nasara da 4-2. Magoya baya ba su manta da wannan dare ba.

Ba a cika shekara ba ƙungiyar ta sake komawa wasan ƙarshe, a ƙarƙashin mai horarwa Ibrahim Musa, a watan Yuli na 2019, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna. Wannan karon da Niger Tornadoes ta Minna aka yi. An tashi babu ci, aka sake zuwa fanareti, Pillars ta ci 4-3. Shekara 66 ke nan rabon Kano da wannan kofi, tun na 1953. A wannan shekarar kuma ta zo ta biyu a babbar gasa.

Wasu daga cikin 'yan wasanta

Sunan da ya fi fita duniya shi ne Ahmed Musa. Daga Kano ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan a 2010, daga nan zuwa CSKA Moscow ta Rasha, sai Leicester City ta Ingila a 2016, sannan Al Nassr ta Saudiyya. Yana cikin tawagar Nijeriya da ta ci kofin Afirka a 2013, ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar duniya ta 2014, ya kuma zura wa Aisland biyu a ta 2018. A watan Afrilu na 2021, yana kyaftin ɗin Super Eagles, ya dawo ya sake sanya rigar Pillars na ɗan lokaci, abin da ba a saba gani ba ga ɗan wasa mai irin matsayinsa. Ya sake dawowa a 2024.

Amma idan aka tambayi mutanen Ƙofar Mata wane ne Pillars, sunan da za su fara kira shi ne Rabi'u Ali, wanda ake yi wa laƙabi da Pele. Ɗan wasan tsakiya ne, gwanin bugun tazara da fanareti, ya daɗe yana riƙe da kambun kyaftin, kuma ya ci gaba da taka leda a babbar gasa bayan ya haura shekara 40. Yana cikin tawagar 'yan wasan gida ta Nijeriya da ta zo ta uku a gasar Afirka ta 2014 da wadda ta zo ta biyu a 2018. Tare da shi ake ambaton Gambo Mohammed, ɗan wasan gaba da aka dogara da ƙwallayensa a shekarun kofuna uku, da mai tsaron gida Theophilus Afelokhai, da Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato wanda ya samu lambar tagulla da Nijeriya a wasannin Olamfik na 2016. Kafin su akwai Sani Kaita, wanda ya tafi Sparta Rotterdam a 2005 ya kuma buga gasar duniya ta 2010. Junior Lokosa ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar 2018 da ƙwallo 19.

Mai karatu zai lura cewa ba duka waɗannan sunaye ne na Hausawa ba. Ƙungiyar ta kasance tana ɗaukar 'yan wasa da masu horarwa daga ko'ina a ƙasar nan, kuma jama'ar Kano sukan riƙe su a matsayin nasu. An ga haka a watan Fabrairu na 2018, lokacin da mai tsaron baya Chinedu Udoji ya rasu a haɗarin mota a cikin Kano, sa'o'i kaɗan bayan ya buga wasa da tsohuwar ƙungiyarsa Enyimba. Garin ya yi jimaminsa ƙwarai.

Sana'ar kuma tana da haɗarinta a kan hanya. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyar Abuja zuwa Lakwaja, tana kan hanyarta ta zuwa Owerri domin wasan farko na kaka. 'Yan wasa biyar suka ji rauni, ciki har da Gambo Mohammed.

Magoya baya, da abin da ya biyo baya

Ba mazauna Kano kaɗai ne ke goyon bayan Pillars ba. A garuruwan arewa da dama ana bin wasanninta ta rediyo, kuma karawarta da maƙwabta irin su Katsina United da Wikki Tourists ta Bauchi da El-Kanemi, ko Zamfara United ta Gusau a shekarun da take cikin babbar gasa, takan zama abin magana a kasuwa da tasha tun kafin ranar ta zo. A filin Ƙofar Mata kuwa, a ranar babban wasa, mutane sukan fara shiga tun da rana tsaka, da ganguna da kakaki, a lokacin da filaye da yawa a ƙasar nan suke zama wayam saboda jama'a sun koma gidajen kallon ƙwallon Turai.

Wannan soyayya ita ce dukiyar ƙungiyar, amma ba za mu ɓoye ba cewa rashin haƙurin wasu tsiraru ya sha jawo mata asara. A watan Yuni na 2019, a wasannin tantance zakara da aka yi a filin Agege da ke Legas, 'yan kallo suka kutsa cikin fili bayan an tashi 1-1 da Rangers, aka ci ƙungiyar tara, aka kuma dakatar da kyaftin ɗinta. A 2020 aka mayar da filin Sani Abacha cibiyar killace masu cutar korona, ƙungiyar ta koma buga wasanninta na gida a Kaduna. Da ta dawo Kano a watan Afrilu na 2022, a wasanta da Katsina United, sai rikici ya ɓarke, aka farfasa motar baƙi. Hukumar shirya gasa ta ci ta tara, ta mayar da wasanninta Abuja, kuma kafin kakar ta ƙare an zabtare mata maki. Ƙungiyar da aka gina a kan ƙarfin gida sai ta wayi gari ba ta da gida. A ƙarshen wannan kaka ta 2021/2022 ta faɗa rukuni na biyu, tare da Katsina United da MFM ta Legas da kuma Heartland, wadda suka yi wasan kusa da na ƙarshe na Afirka tare shekara 13 kafin nan.

Zaman bai yi tsawo ba. A 2023 Pillars ta dawo babbar gasa, ita da Heartland da Katsina United, sai Sporting Lagos a matsayin ta huɗu.

Gudanarwa

Gwamnatin jiha ce ke naɗa hukumar gudanarwar ƙungiyar, ita ce kuma ke biyan mafi yawan kuɗin albashi da tafiye-tafiye, kamar yadda lamarin yake ga yawancin ƙungiyoyin babbar gasa a Nijeriya. Alfanun wannan tsari shi ne ƙungiyar ba ta mutu ba kamar yadda ƙungiyoyin kamfanoni da na attajirai da dama suka mutu, ciki har da Raccah Rovers. Illarsa kuwa ita ce duk lokacin da aka samu canjin gwamnati ko jinkirin sakin kuɗi, sai abin ya taɓa 'yan wasa. Muna ganin cewa birni mai yawan jama'a da 'yan kasuwa kamar Kano yana da halin da ƙungiyarsa za ta riƙa samun wani kaso mai tsoka daga kuɗin shiga fili da sayar da riguna da tallace-tallacen kamfanoni da cinikin matasan 'yan wasan da ta rena.

A watan Yuli na 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa sabuwar hukumar gudanarwa, ya kuma ba Ahmed Musa muƙamin janar manaja. Wata uku bayan haka, a watan Oktoba, Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa a filin Sani Abacha aka tashi 1-1, wasu 'yan kallo suka shiga fili suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Hukumar gasa ta zabtare wa Pillars maki uku da ƙwallo uku, ta ci ta tara, ta kuma umarce ta da ta koma buga wasanninta na gida a Katsina.